Gaurakin da Suka Ƙi Bushewa

Halliru na Maikujera mai yaɓe ne, ɗan mai yaɓe. A ƙasar Rabah ta wancan zamani, in ka ga bango ya yi sumul har kana jin kunyar jingina da shi, ba sai ka tambayi wanda ya shafe shi ba. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, marar yawan magana, irin mutanen nan da in an taka su sai su riga mai takawar cewa sannu. Mutanen gari suna yabon wannan hali nasa. Ni dai ban ga abin yabo a ciki ba, domin shi ya cuce shi.

Yaɓe sana'ar rani ce. Abin da Halliru ya dogara da shi gona ce guda ɗaya da ubansa ya bar masa gabas da gari, jigawa mai ɗan kwari a tsakiya, inda dawa ke yi ko da ruwa ya yi gardama. Ba wata babba ba ce, amma tana riƙe shi da matarsa Safara'u da 'yarsu Kyauta daga kaka zuwa kaka. Ba shi da wa, ba shi da ƙane. In ka cire gonar nan, ba abin da zai nuna cewa kakanninsa sun taɓa zama a Maikujera.

Ana cikin yaƙin Turawa da Jamus, ubanƙasa ya sa a gyara barikin Rabah, wato gidan da Turawa ke sauka in sun zo rangadi. Aka ba Halliru bangon babban ɗaki. Ya fara shafe shi da jar ƙasa, ya bar shi kwana uku ya sha iska, sannan ya bi shi da farar ƙasa tsararo, sau biyu. Yana cikin na biyun sai ga Baturen gona ya shigo. Wannan Bature, Mai Tsuntsaye ake kiransa, saboda yakan wuni a fadamar Rima yana leƙen tsuntsaye da madubin hangen nesa, ga bindiga a gefe amma ba ya harbi. Jama'a sun ɗauki abin a matsayin ƙaramin taɓin hankali, irin wanda ba ya cutar kowa.

Bature ya tsaya yana kallon bangon. Da Hausarsa ta littafi ya ce, "Don me ka sa ja, tun da za ka rufe shi da fari?"

Halliru ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, hwarin da babu ja ƙarƙashinai, hwarin likkahwani na. Ido ba shi son shi."

Da ya san abin da amsar nan za ta jawo masa, da ya ce bai sani ba. Washegari ubanƙasa ya aiko dogari, aka ce Bature yana son sa, an kuma ba shi. Haka aka ba da aron Halliru kamar turmi, ba wanda ya faɗi ranar maidowa.

Ashe Mai Tsuntsaye ba kallo kaɗai yake yi ba, zana su yake yi da fentin mai a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗaure a jikin katako. Aikin kuwa hawa-hawa ne, kuma nan ne ya dace da hannun mai yaɓe. Da farko a shafe ƙyallen da ruwan ƙiraga, wato fatu, da aka dafa ya yi danƙo, a bi da fari. Sannan a yi abin da Halliru ya sa wa suna shimfiɗa: jar ƙasa tsararo, mai ɗan mai kaɗan, da ita ake fitar da siffar tsuntsu da duk inda inuwa za ta kwanta, ba wani launi sai ja mai duhu da ja mai haske. In ta bushe a ɗora launin jiki. In wannan ya bushe a ɗora wani, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa mai, ya kuma fi shi rashin kauri, har na ƙarshe ya zama ana hango na ƙasa ta cikinsa. Ba a ɗora sabo kan ɗanye, wannan kuwa Halliru ya san shi tun yana bin ubansa da kwandon laka.

Gaskiya a faɗe ta, ya so aikin. Ya daina jiran kwalayen fentin Bature, ya riƙa ɗebo jar ƙasa daga tudun Wurno yana niƙawa a kan dutse har ta fi kwalli laushi. Shi ya nuna wa Bature cewa tokar da ke jikin gauraka ba toka ce zalla ba, akwai ɗumi a ƙarƙashinta, in ba a shimfiɗa mata ja ba sai tsuntsun ya fito kamar an jiƙa shi. Kafin shekara ta zagayo, shimfiɗa da launin jiki duk sun koma hannunsa. Bature sai ya zo daga baya ya sa ido da baki da tukku, ya rubuta sunansa a ƙasa. Wannan rabo ya yi wa Halliru daidai, don in abokan salla suka tsokane shi da cewa yana kwaikwayon halitta, sai ya ce shi shafe yake yi, mai sa ido shi za a tambaya.

Damina ta farko, Lauwali ƙanen Safara'u ya noma masa gonar. Kafin ta biyu aka kwashi Lauwali cikin mutanen da aka tura haƙar kuza a Jos, gonar ta kwana saura, ba wanda ya noma ta. Shi Halliru zaman da yake yi gindin Bature ne ya hana a rubuta sunansa cikin masu tafiya, kuma ya sani sarai ranar da ya bar bariki ba sallama, dogari zai bi shi har gida, daga gida kuma sai kuza. Ya bi Bature Wurno, ya bi shi Goronyo, ya dawo Rabah, yana ɗauke da ƙyallaye a ka. Maikujera ba ta kai tafiyar wuni ba, amma sai da izini yake leƙa ta, ya kwana ɗaya ya juyo.

A bazara ta uku suna kan wani babban zane na gauraki biyu tsaye cikin ruwan fadama, ɗaya ya sunkuya yana kiwo, ɗaya ya miƙe wuya. Wata uku ana ɗora masa hawa. Kwana biyu bayan ruwan shuka ya sauka, ran kasuwar Rabah, sai ga Safara'u a bayan bariki, ta kawo masa ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa na matsarta. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Malam, mai gari ya aiko."

"Mi yac ce?"

"Ya ce bara an yi maka kara. Bana umurni ya zaka daga sama, ba a barin gona kwance, hatsi aka so. In anka ƙare noman hwari bai gan ka cikin gonag ga da kalme kana noma ba, Yari na unguwarmu za a ba. Shi ad da baki goma sha ɗaya gida, gonatai kuwa tahin hannu ta."

Halliru ya karɓi kwalbar ya ajiye gefe.

Ta ce, "Ni ina iya bin ka da iri in rufe. Saran ramin shuka na ba ni iyawa, kuma babu namijin da za a ɗauka, dut an kwashe su."

Da yamma ya cire takalmi ya durƙusa gaban Mai Tsuntsaye, ya ce ruwa ya sauka, yana roƙon a sallame shi ya je ya yi shuka. Ya faɗi maganar mai gari, amma a irin muryarsa, ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da labarin wani. Bature ba mugu ba ne, sai dai kunnensa ba ya jin abin da ba a ɗaga murya a kansa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Gona ba ta da ƙafa, Halliru, ba za ta gudu ba. Saura hawa ɗaya a kan fukafukai da ruwa. In ya bushe na sa ido, ka tafi. Mako biyu ne." Ya ƙara da cewa gobe zai tafi rangadi Goronyo, man fenti ya ƙare, amma motar Sakkwato za ta kawo gwangwani, in ta kawo Halliru ya ɗora hawan nan kafin ya dawo.

Mako biyu ba su da yawa. Ko gero ya wuce shi, dawa za ta yi a kwarin nan, kuma noman farko bai isa ƙarewa ba sai bayan wata guda da 'yan kwanaki. Halliru ya kwantar da hankalinsa ya jira mota. Ta zo ran Talata da kananzir da wasiƙu da buhun fulawa, babu gwangwani. Direba ya ce ai jiragen ruwa nutsar da su ake yi, kayan Turai sai wanda Allah ya tsirar, wataƙila wata mai zuwa.

Ya koma ɗakinsa ya zauna, idonsa ya faɗa kan kwalbar Safara'u. Ya ɗaga ta ya duba a haske, garau, kamar zuma. Man Bature ya san shi, ya sha shinshina shi, wani ƙarni yake yi kamar na kifi, kuma bai kai wannan tsabta ba. A wurin mutumin da ya tashi ya ga ana shafa wa fata da ƙota da ƙwarya duk man da ya samu, mai dai mai ne. Shekara biyu Bature yana nuna masa yadda ake yi, bai taɓa zama ya gaya masa dalilin da ya sa sai wannan man ba, shi kuma kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya niƙa shuni da toka, ya kwaɓa da man gyaɗa, ya ɗauki buroshi mai laushi.

Bai taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar nan ba. Fentin ya bi hannunsa ba gardama. Jan da ya shimfiɗa tun wata uku ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin toka, fukafukan suka yi ɗumi, ruwan fadama ya yi zurfi har kana ganin ƙafafun tsuntsayen a ciki. Ya gama kafin la'asar, ya wanke hannu, ya fara ɗaure 'yan komatsansa.

Bature ya dawo bayan kwana takwas. Ya daɗe tsaye gaban zanen, ya ce wannan ya fi duk wanda suka taɓa yi. Sannan ya kai ɗan ƙaramin yatsa gefen ƙyallen ya taɓa, yatsan ya fito da shuni. Ya ce, "Damina ce, iska da laima. Mu ba shi mako."

Aka ba shi mako. Halliru ya fitar da shi baranda ya sha iska, ya mayar ɗaki in hadari ya taso, ya zauna gabansa da mafici yana fifita har kafaɗarsa ta yi tsami. Kullum da safe ya taɓa, kullum yatsa ya fito da launi. A rana ta goma sha biyar ya daina yaudarar kansa, ya gane cewa kwalbar nan ce. Sauri ya haifi nawa. In ya faɗa, ya san hukuncin aikin: kankarewa za a yi a sake, wata uku ke nan ko fiye. In ya yi shiru, zai zauna jiran abin da shi kaɗai ya san ba ya zuwa. In ya gudu, kuza. Gaba kura, baya sayaki, ga kuma mutane suna wucewa ta gaban bariki da kalme a kafaɗa, suna yi masa barka da hutawa. Sai ya zaɓi abin da ya saba, ya yi shiru, yana fatan ko Allah zai sa ya bushe.

Baƙin cikin da ya ci a kwanakin nan ba kaɗan ba ne. Hadari yakan haɗu ta wajen Maikujera, ya tsaya yana kallonsa yana zuba, ya san ƙasar kwarin nan ta jiƙu ta yi laushi. Abinci ya fita ransa. Mode, kukun Bature, ya tambaye shi ko masassara ce, ya ce eh.

Kiyashi ne suka tona shi. Wata safiya Mode ya shigo da shayi ya tarar sun ja layi tun daga bakin ƙofa, sun hau ƙafar katako, sun ratsa ruwan fadama, ɗaruruwa sun maƙale a fukafukan gauraki suna motsi. Ya ajiye faranti, ya kai hanci kusa, ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ai ƙamshin ƙuli na."

Bature ya juyo ya dubi Halliru. Halliru ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga motar Talata. A ransa har ya ji wani sanyi, don yana ganin yau dai za a zage shi a kore shi, kuma korarre sallamamme ne. Noman farko saura kamar kwana shida a gama. In ya kama hanya yanzu, kafin azahar yana cikin gona.

Sai Bature ya fashe da dariya, har ya zauna a kujera yana share hawaye. Da ya nutsu ya bayyana masa cewa nasu man daga ƙwayar wata ciyawa ake tatsarsa, in ya sha iska daskarewa yake yi, man gyaɗa kuwa ko shekara goma ya yi yana nan yadda yake. Maganar da ba ta fi numfashi biyu ba, sai yau aka faɗe ta.

Halliru ya ce, "Ranka shi daɗe, na yi ɓarna babba. A kore ni."

"In kore ka? Daga nan har Ikko ba ni da mai hannu irin naka. Ba kome, kuskure ne. Sai mu kankare mu sake."

"Ranka shi daɗe, ban cancanci a bar ni ba."

"Ka cancanta," in ji Bature, ya miƙa masa wuƙar kankara.

Ban san wani alheri da ya taɓa yi wa mutum ciwo kamar wannan yafiya ba. Halliru ya karɓi wuƙa. Da hannunsa ya kankare shunin, ya kankare tokar da man ya ratsa, hawa bayan hawa, da kiyashin da komai, har ya iso kan jar shimfiɗarsa. Aka jingina ƙyallen a bango aka koma jiran gwangwani, wanda bai iso ba sai da gero ya fara fitar da kai.

Safara'u ta zo ran kasuwa ta biyu bayan haka. Ta tsaya inda ta tsaya wancan karo ta ce, "An ba Yari. Ya shiga tun Lahadi, dawa yas sa." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambaye shi abin da ya riƙe shi ba, don a ganinta aikin Bature ba a tambayar dalilinsa. Shi ma bai gaya mata ba. Ya hana Mode ya faɗa, kuma har ya koma ga Allah Safara'u ba ta san cewa man da ta matsa da hannunta yana cikin maganar ba.

An gama gaurakin da rani. Da damina ta sake zagayowa aka yi wa Mai Tsuntsaye canjin wurin aiki, ya sa zanen a akwati, ya ba Halliru tsohon kwat da wata takardar yabo da ba mai iya karanta ta a Maikujera, ya sallame shi. Mai gari ya karɓe shi da fara'a, ya yanka masa wani fako can bayan gari inda ko ƙaya sai ta yi da gaske take fitowa. Halliru ya yi godiya. Ya koma yaɓe rani da damina, yana yawo Marnona da Boyekai da Wurno, duk inda aka ji ana gini. Ya yi shekara talatin da wani abu a haka, bai sake taɓa buroshi ba. Amma abin da 'yarsa Kyauta ta fi riƙewa a duk rayuwarsa shi ne kakar farko bayan dawowarsa.

Yari ba mutumin banza ba ne. Tun da Halliru ya dawo yake kauce masa a hanya, in sun haɗu a masallaci ya gaishe shi kansa a ƙasa. Sai ga shi shekarar nan gona ta yi albarka, dammunan gero da dawa suka fi ƙarfin tsohuwar rufewarsa, wato rumbun laka, kuma duk ƙasar ba mai gina ta kamar mutum ɗaya. Ya yi kwana uku yana zagaye, ranar ta huɗu ya yi sallama a ƙofar Halliru.

Ya ce, "Malam Halliru, kunyakka nika ji. In ka ce ba ka yi, wallahi ban ga laihinka ba."

Halliru ya ce, "Ina za a kahwa ta?"

Ya gina ta cikin kwana goma sha biyu, mai faɗin ciki, ya shafe ta ciki da waje. Ranar zuba hatsi shi ya tsaya ya nuna yadda za a jera don kada nauyi ya taru gefe guda. Da aka gama, Yari ya zaɓo dami biyu mafi girma na gero ya ce ladan aiki ne, ya sa hannu ya ɗora masa ɗaya a ka. Halliru ya bi ta tsakiyar gari da shi, ya dawo ya ɗauki na biyun.

Safara'u ta sussuka, ta surfa, ta yi fura. Suna zaune a tsakar gida da rana, Kyauta, wadda lokacin ba ta wuce shekara bakwai ba, ta kurɓa ta lashe baki. Ta ji ana cewa daga gonar gabas aka kawo dammunan, ita kuwa ta san gonar, an sha goya ta zuwa can.

Ta ce, "Baba, wanga geron gonarmu na?"

Halliru ya riƙe ludayi bai kai baki ba. Safara'u ta sunkuyar da kai tana gyara murfin ƙwarya.

Ya ce, "Na Yari na. Sha."